Idan Bayan Gida Ya Matsa A Cikin Jama'a: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Mai Ciwon Hanji

Akwai mutanen da suka daina zuwa ɗaurin aure, suka daina shiga motar haya, wasu ma har suka ajiye aiki, saboda tsoron kada bayan gida ya kufce musu a gaban mutane. Yawancinsu ba su taɓa faɗa wa kowa dalilin ba.

Wane irin ciwo ne yake sa bayan gida ya zo wa mutum ba shiri?

Akwai ciwo biyu da suke cikin waɗanda suka fi jawo haka. Na farko shi ne wanda likitoci suke kira IBS, inda hanji yake da saurin motsi da saurin jin zafi alhali babu rauni a jikinsa, sai mutum ya riƙa fama da murɗawar ciki da kumburi da gudawa, wani lokaci kuma ciki ya ɗaure. Na biyu shi ne ciwon kumburin hanji, wanda ya haɗa da cutar Crohn, da aka bayyana a birnin New York a 1932, da kuma gyambon babban hanji. A nan akwai rauni na zahiri, shi ya sa ake ganin jini da majina. A wajenmu wajibi ne a fara tabbatar da cewa ba atini ba ne, ko tsutsar ciki, ko tarin fuka da ya sauka a hanji, domin waɗannan suna kama da su kuma ana warkewa daga gare su. Babban kuskuren da ake yi shi ne a tattara komai a ce basir ne, a yi ta shan jiƙe-jiƙen da galibinsu masu wanke ciki ne, su ƙara wa hanjin wahala.

Me ya sa matsin ya fi zuwa bayan cin abinci, ko da zarar mutum ya bar gida?

Da abinci ya sauka a tumbi, jiki yakan umarci babban hanji ya motsa. Kowa yana da wannan, amma ga mai ciwon hanji motsin yana da ƙarfi, musamman da safe da kuma bayan abinci mai maiƙo ko yaji, ko bayan shayi da gahawa da goro. Sannan akwai jijiyoyi da suke haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, don haka fargabar rashin makewayi ita kanta tana tayar da cikin. Wannan ba raki ba ne, haka jiki yake aiki.

Yaya ake shirin fita?

Abu na farko shi ne mutum ya san cikinsa. Ya ɗauki mako biyu ko uku yana rubuta abin da ya ci da abin da ya biyo baya. Masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostireliya sun nuna cewa wake, albasa, tafarnuwa, alkama, madara da mangwaro suna cikin abubuwan da suke tayar wa masu IBS ciki, wanda ke nufin ƙosai da alale da shayi mai madara, karin kumallon da muka saba, suna iya zama su ne matsalar. Ba a so a bar su gaba ɗaya ba tare da shawarar likita ba, amma ranar tafiya farar shinkafa ko kunu marar yaji ya fi aminci. Ya tashi da wuri, ya ci abinci awa biyu kafin fita, ya ba cikin lokaci ya gama nasa a gida.

Na biyu shi ne ƙaramar jaka da ba ta rabuwa da shi: wandon ciki, wando ko zane na canji mai duhun launi, sabulu, takardar goge jiki, ledoji biyu, ruwan leda ko ƙaramar gora don tsarki, da canjin kuɗi na gidan wanka. A doguwar tafiya kunzugun manya da ake sayarwa a kemis ba abin kunya ba ne. Na uku, ya san hanyarsa: gidajen mai, masallatan Juma'a, asibitoci da tashoshin mota. A tasha ya nemi kujerar bakin ƙofa, ya keɓe direba ya ce, “Malam, ina da lalurar ciki, idan na yi magana a taimaka a tsaya.” Direban da aka sanar tun farko ba ya cika yin gardama.

Matsin ya zo a cikin cunkoso ko tsakiyar kasuwa. Me za a yi nan take?

Kada a ruga da gudu, domin gudu yana ƙara matsa hanji. A tsaya cak ko a zauna, a matse dubura a hankali ba da iyakar ƙarfi ba, a riƙa jan numfashi mai tsawo ana saki. Matsin yana zuwa ne yana lafawa, to a lokacin da ya lafa ake takawa. Wanda yake horar da naman da yake kewaye da duburarsa kullum, yana matsewa na 'yan daƙiƙoƙi yana saki, yakan samu ƙarin mintunan da suke kai shi makewayi. A jihar Illinois ta Amurka an yi doka a 2005 da ta tilasta wa shaguna buɗe wa irin waɗannan marasa lafiya banɗakin ma'aikatansu. Mu abin da muke da shi shi ne sallama da roƙo, kuma kalmar lalura ta isa bayani.

Ya halatta a sha maganin tsayar da gudawa kafin fita?

Loperamide, wanda aka fi sani da Imodium, yana rage saurin hanji, kuma likitoci kan yarda mai IBS ya sha kafin tafiya. Amma idan akwai jini ko zazzaɓi, ko gyambon hanji ya tashi, shansa yana da hatsari, domin hanjin yana iya kumbura ya daina aiki. Haka kuma kada a ƙi shan ruwa don gudun matsi. Bayan gudawa a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Ina batun sallah?

Ya tabbata a hadisi cewa ba a yin sallah ana fama da matsin bawali ko bayan gida, don haka fita daga sahu domin biyan buƙata ba laifi ba ne. Ya tsaya a gefen sahu kusa da ƙofa. Wanda abin yake fita masa ba da ikonsa ba a yawancin lokaci, malaman fiƙihu sun yi masa sauƙi a babin salasi, sai ya bayyana wa malaminsa halinsa dalla-dalla.

Yaushe ne ganin likita ya zama dole?

Idan an ga jini, ko ana ramewa ba dalili, ko gudawa tana tayar da mutum daga barci, ko akwai zazzaɓi da ƙarancin jini, ko kuma matsalar ta fara bayan shekara 50. A manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya ana duba cikin hanji da na'ura mai kyamara. A gaban likita a faɗi sau nawa ake zagawa a rana, da ko ya taɓa kufcewa, domin da wannan bayanin yake zaɓar gwaji da magani.