Kama Gidan Haya na Farko a Biranen Najeriya

Haya yarjejeniya ce da mai gida ke bai wa wani damar zama a gidansa na wani lokaci sananne, a kan kuɗi sananne, gidan kuma na nan a matsayin mallakarsa. A fikihu ana kiranta ijara, kuma ba ta inganta sai an ambaci kuɗin da wa'adin. A ƙasar Hausa galibi aure ne ke fitar da saurayi zuwa gidan haya na farko, domin kafin nan yana shagonsa ne a gidan mahaifinsa. Karatu a jami'a da samun aiki a wani gari su ne sauran dalilan, shi ya sa unguwanni irin Samaru a Zariya da Ɗorayi a Kano suka cika da ɗakunan ɗalibai.

Irin gidajen

Mafi araha shi ne ɗaki ɗaya a gidan da jama'a ke tarayya a tsakar gida da banɗaki da wurin girki. Daga shi sai ciki da falo, sai ɗaki mai banɗakinsa da kicin a ciki, sannan filat mai ɗaki biyu ko uku. Sabbin ma'aurata sun fi son ciki da falo mai ƙofarsa daban, don gidan tarayya na yawan haddasa rigima a kan shara da layin wanka da rabon kuɗin wuta.

Kuɗin shiga

Abin da ya bambanta haya a Najeriya da ta ƙasashe da dama shi ne biyan shekara guda gaba ɗaya, wasu masu gidan ma su ce sai biyu, alhali albashi wata-wata yake zuwa. Kuma kuɗin da aka faɗa wa mai nema ba shi ne abin da zai fita daga aljihunsa ba. Akwai la'adar dillali, wadda aka saba yankewa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Akwai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ya kamata a mayar ranar tashi amma karɓo shi kan yi wuya. Wasu dillalan har kuɗin zagayen duba gida suke karɓa, ko an dace ko ba a dace ba. Gidan naira 500,000 a shekara kan iya cin sama da 600,000 kafin a miƙa makulli, ban da fenti da gyaran ƙofa.

Wannan tsada ce ta sa, tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, dubban ma'aikata ke kwana a Mararaba ta jihar Nasarawa ko Suleja ta jihar Neja, su yi sammako kullum. Abin da suka rage a haya, kuɗin mota na cinye wani ɓangarensa.

Doka

Kowace jiha da tata dokar. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, sai dai ta cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA, kuma a zahiri ba kowa ke bin ta ba. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata na da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. Bayan wa'adin ya ƙare sai a ba da wani notis na kwana 7, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko watsa kayan ɗan haya waje da hannunsa. A unguwannin Arewa kuwa, yawancin saɓani a gaban mai unguwa ko dattawan masallaci yake mutuwa.

Duba gida da tarewa

Masu gogewa sukan ce a duba gida da damina, lokacin da yoyon rufi da danshin bango da kwatar da ke ambaliya ba su ɓoyuwa. Ana tambayar ruwa: famfo ne, rijiyar burtsatse ce, ko sai an jira 'yan garuwa? Ana duba mita, domin mitar kati ta fi kwanciyar hankali a kan bil ɗin ƙiyasi, kuma sau da yawa sabon shiga kan gaji bashin wutar wanda ya tashi. A Kano KEDCO ce ke raba wuta, a Abuja AEDC. Wata damfarar da ake yawan yi ita ce a karɓi kuɗin mutum biyu ko uku a kan ɗaki ɗaya, don haka ake son a ga mai gidan ido da ido, a biya ta banki, a karɓi rasit.

Masu gida ma suna tantancewa. Da yawa ba sa son gwauro, wasu kuma sai an kawo wanda zai tsaya wa mutum. Idan hayar ta aure ce, ango ne ke biyan kuɗi ya yi fenti, dangin amarya kuma su zo da gado da kujeru da labule da kayan kicin su yi jere kafin ranar tarewa. Saboda haka girman ɗakin ba na ango kaɗai ba ne: mata kan je su auna shi tun kafin a ba kafinta aikin gado.