Ɗalibin lafiya, kada ka raina darasin zamantakewa

A makarantun koyon jinya da ungozoma da na kimiyyar lafiya akwai darasin da ɗalibai da yawa ke ɗauka na cike gurbi ne, wato ilimin zamantakewar al'umma. Ɗalibi zai kwana yana haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, amma ranar wannan darasi sai ya ce wa abokinsa ya rubuta masa suna. A matsayina na mai aikin lafiya a matakin farko, ina roƙon ƙannena ɗalibai su sake tunani, domin a bakin aiki kullum sai an buƙace shi.

Ku dubi mai naƙudar da aka kawo asibiti bayan ta kwana biyu a durƙushe. Abin da ake fara jifan 'yan rakiya da shi shi ne, "Me ya hana ku zuwa da wuri?" Sau da yawa ma da tsawa. Wanda ya karanci zaman gidajenmu ya san amsar tun kafin a buɗe baki. Maigida ya tafi cin rani, babu mai ba da izinin fita. Cikin fari ne, kunya ta hana yarinyar gaya wa uwar miji cewa ciwo ya taso, ta yi ta cije zane a ɗaki. Da aka gane, sai da ungozomar unguwa ta gwada nata, aka ba da rubutu aka sha. Sannan aka shiga neman bashin kuɗin mota, ga damina ta yanke hanya. Tun 1994 masana suka kasa wannan jinkiri gida uku: na yanke shawarar tafiya, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Na ukun namu ne mu ma'aikata. Biyun farko kuwa a cikin gida da kan hanya suke, kuma babu allurar da ke warkar da su.

Ma'aikaciyar da ta san haka, tun ranar awon ciki take tambaya, "Idan naƙuda ta zo cikin dare, wa zai ce a tafi?" Sai ta nemi ganin maigida ko uwarsa, a ba da izini tun da wuri, a ajiye ɗan kuɗi, a riƙe lambar direba. Wannan hirar tana hana yoyon fitsari, tana ceton rai.

Mun ga irin haka a babban mataki. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna. Kiran masu ƙin rigakafin jahilai bai kai kowa ko'ina ba, domin suna da dalilinsu: ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna tambayar me ya sa ake kawo ɗigo kyauta har ƙofar gida alhali maganin zazzaɓi sai an saya. Kano ba ta dawo da rigakafin ba sai a 2004, cutar shan innar kuma ta riga ta tsallaka wasu ƙasashe. Da aka jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni cikin aikin ne ƙofofi suka riƙa buɗewa, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020.

Haka batun wankan jego da kunun kanwa, waɗanda likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai jego ba ita ke dafa ruwan ba, ba ita ke dama kunun ba. In ba ka zauna da kakar jariri cikin ladabi ka ce, "Inna, a rage kanwar nan, a sassauta zafin ruwan," ba, to ka yi wa wadda ba ta da iko bayani ne.

Malamanmu, don Allah kada darasin nan ya tsaya a allo da jarrabawa. A tura ɗalibai cikin unguwa su gaida mai unguwa, su zauna da ungozoma da wanzami, su ji nawa ake biya daga ƙauye zuwa asibiti mafi kusa, kuma a ba su maki a kan abin da suka jiyo.