Murfin taya na gida yana rage shan mai kuwa? Tambayoyi da amsoshi kan yadda ake gwada shi

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a 2024, duk mai mota ya koma neman dabarar da zai rage shan mai. Cikin dabarun da ake yawan tambayata akwai wannan ta rufe wilin taya da faranti mai sulɓi, wai don iska ta riƙa zamewa ta wuce. Na tattara tambayoyin da suka fi yawa na amsa su a nan.

Wai me ya haɗa taya da iska har da za a ce murfi zai rage shan mai?

Toh ka san mota in tana gudu ture iska take yi, kuma duk wannan turin da mai ake biyan sa. Masu ƙera motoci sun daɗe da gano cewa tayoyi da ramukan da suke zaune a ciki su kaɗai suna jawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jan da iska ke yi wa ƙaramar mota. Dalili kuwa taya ba tafiya kawai take yi ba, juyawa take yi, saman tayar ma yana yankar iska da ninkin gudun motar, sannan hannuwan wilin suna aiki kamar fanka, suna kwaso iska daga ciki suna watso ta waje ta haɗu da wadda ke bin gefen mota sai duk ta hargitse. In ka rufe fuskar wilin da abu mai sulɓi, iskar gefen sai ta samu hanya ta wuce salin alin.

Sabuwar dabara ce ko dama ana yi?

Tsohuwa ce sosai. Masu tseren gudu a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah a Amurka tun shekarun 1950 suke ɗaura faifan alminiyon a tayoyinsu, wani mai suna Dean Moon ne ya shahara da ƙera su har ake kiran faifan da sunansa. Honda Insight ta 1999 ma tayoyinta na baya a rufe suka zo daga kamfani. Daga baya masu son tsimin mai a can Amurka suka riƙa sayen farantin gasa fiza suna huda shi suna ɗaurawa a wili, kaga daga nan maganar yin na gida ta samo asali.

Nawa zan rage in na saka?

Nan ne fa nake so mutane su sauko ƙasa. Mujallar Car and Driver ta gwada Tesla Model 3, mota mai amfani da lantarki, da murfinta da kuma babu shi, a gudun mil 50 da 70 da 90 a awa, tsimin wutar da suka samu a tsakaice shi ne kashi 3.4 cikin ɗari. Wannan fa murfi ne da injiniyoyi suka zauna suka tsara. Don haka in naka na gida ya ba ka kashi 2 ko 3 ka gode wa Allah.

Bari mu yi lissafi. A ce motarka tana shan lita 8 a kilomita 100, Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, wato wajen lita 18 da ɗoriya. Kashi 3 cikin ɗari na wannan bai fi rabin lita da ɗan wani abu ba. Wanda ke fita sau ɗaya a wata ba zai ma ji ba, amma direban Golf ko Sharon da yake bin hanyar nan kullum zuwa da dawowa, in ya tara na shekara kuɗi ne masu kauri, kuma shi nake tunani duk lokacin da ake wannan maganar.

A cikin gari fa?

Kada ka wahalar da kanka. A gudun kilomita 30 ko 40 a awa cikin cunkoso iska ba ta da wani tasiri, tsayawa da tashi ne ke cin man ka.

Ni na saka, na cika tanki na yi sati ina hawa na ga kamar ya ragu. Ai ya isa hujja ko?

Bai isa ba ɗan'uwa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi damuna don nan ne kowa ke yaudarar kansa ba da saninsa ba. Abin da kake nema ɗan ƙarami ne, abubuwan da ke canja shan mai daga sati zuwa sati kuwa manya ne. Ɗauki iska kaɗai: jan iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, in kana tafiya a 100 sai iskar hunturu mai gudun kilomita 10 kacal ta tare ka ta gaba, motar ji take yi kamar tana 110, jan ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari. Ta ina za ka hango kashi 2 a cikin wannan? Ga kaya da fasinja, ga esi, ga iskar taya da ta ragu ba ka sani ba, ga famfon gidan mai da wannan ya tsaya a nan wancan ya tsaya a can ko da duk ful tanki ka ce, sannan babbar matsalar ita ce ƙafarka, don mutum in ya saka sabon abu yana fatan ya yi aiki, da kanta ƙafar take sassauta totur bai ma lura ba.

To yaya ake gwajin da za a yarda da shi?

Ana yin sa ne hawa uku a rana ɗaya: babu murfi, da murfi, sannan a sake cirewa a maimaita babu murfi. Wannan na ukun shi ne mutane ke tsallakewa kuma shi ne ran gwajin, domin in sakamakon farko da na ƙarshe ba su zo kusa da juna ba, toh wani abu ne ya canja a tsakani, iska ko zafi, gwajin ya lalace sai a sake.

Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba motoci, da sassafe bayan asuba kafin iska ta taso. Ka fara yawo da motar kamar minti ashirin ko talatin inji da giya da tayoyi su ɗau zafi, don mota mai sanyi ta fi shan mai, in ba haka ba duk abin da ka gwada daga baya zai fito kamar ya fi kyau. Ka je wajen mai faci ya daidaita iskar tayoyin huɗu da geji, gilasai a rufe, esi a kashe, mutanen da ke ciki kada su canja.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta sakin mota. Ka kai gudun ɗan sama da 100, a daidai wata alama da ka zaɓa ka sa ta a firi, wanda ke gefenka ya danna agogon waya lokacin da ta sauko 100 ya tsayar lokacin da ta kai 60. Ka juyo ka yi haka ta ɗaya ɓangaren saboda gangara da iska su soke juna. Kowane hawa ka yi zuwa da dawowa aƙalla sau huɗu ko biyar ka rubuta a takarda ka fitar da matsakaici. In da murfi motar ta fi daɗewa kafin ta sauko 60, kuma bambancin ya fi wanda ke tsakanin gwaje-gwajen babu murfi su kansu, toh ka samu wani abu. Dan Allah kada ka kashe inji, sitiyari da birki suna buƙatar sa, kuma da wata mota ta matso kusa a watsar da wannan zagayen.

In motarka tana da soket ɗin OBD2, wato inda makanikai ke soka na'urar duba lafiyar mota, wanda motocin da aka sayar a Amurka suke da shi tun 1996, akwai 'yar na'ura mai araha da ake sokawa ta haɗu da waya ta nuna shan mai nan take. Da ita sai ka riƙe gudu ɗaya tsakanin alamu biyu ka karanta, nan ma zuwa da dawowa.

Da me zan yi shi, kuma yaya zan ɗaure?

Tiren alminiyon mara nauyi ya yi, ko robar nan mai ramuka a ciki da ake allunan talla da ita. Abin da ya fi muhimmanci ya zauna daidai tsakiya kuma ya yi daidai da bakin wili, kada ya turo waje. In ya karkace za ka ji sitiyari yana rawa a babban gudu. Ka bar 'yar ƙofa ta wajen sa iska. Wasu suna ɗaure shi a kan tsohon murfin motar da ƙananan kusoshi, wasu da igiyar robar nan ta ɗaure waya, amma ka sani zafin wili da rana suna busar da ita ta karye, sai ana dubawa ana canjawa. Kada ka huda wilin kansa. Faifan ƙarfe in ya fice a gudun 100 wuƙa ce, ga masu babur ga masu tafiya a gefen hanya, kuma hanyoyinmu da ramuka, don haka ni na fi natsuwa da na roba.

Birki ba zai yi zafi ba?

Zai ƙara zafi, ramukan wili dama don birki ya sha iska aka yi su. A shimfiɗaɗɗiyar hanya da ba ka yawan taka birki abin da sauƙi, amma wanda zai sauko gangaren Hawan Kibo na jihar Filato da mota cike da fasinja da kaya, ni shawarata ya cire na gaba tun kafin ya kama hanya, don na gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Wasu ma na baya kaɗai suke rufewa saboda haka. In ka ji ƙauri, ko birki ya fara yin laushi a ƙafarka, ka samu wuri ka tsaya ya huce ka kwance murfin nan take.

Akwai abin da ya fi shi tasiri?

Akwai, kuma kyauta ne. Jan iska a gudun 120 ya fi na 100 da kashi 44 cikin ɗari, saukowa daga 120 zuwa 100 kaɗai ya ninka abin da murfi zai ba ka. Sai kayan da ake labtawa a saman mota da but da ake bari a buɗe an ɗaure da igiya, da taya mai ƙarancin iska. Ka fara gyara waɗannan tukuna, in ka tashi gwada murfin ma sakamakon zai fi fitowa a fili.