Sayen wuƙa mai maɓalli daban, yawo da ita daban

A Damagaram an daɗe ana cewa duk abin da aka baje a kasuwa halal ne a sa shi aljihu. Haka ake ɗaukar wuƙar nan mai sifirin, wadda da ka danna maɓalli sai kaifin ya fito fat. Ba haka ba ne, musamman ga matafiyi.

Dubi Faransa: baligi yana iya sayenta a shago, amma in an kama shi da ita a titi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, hukuncin na iya kai shekara 1 a kurkuku da tarar yuro 15,000. Cewa "don kare kai ne" ba ya fid da mutum.

Ingila ta fi tsanani. Tun 1959 ta hana sayar da ita da shigo da ita, dokar 2019 kuma ta hana ajiye ta ko cikin ɗaki. A Amurka dokar 1958 cinikinta tsakanin jihohi ta taƙaita, sauran kowace jiha da nata tsarin.

Rasit ɗin ɗan kasuwar Dole ta Damagaram shaidar ciniki ce kawai, ba izinin ɗauka ba.