Neorealismo: finafinan marasa galihu a Italiya bayan yaƙi

Neorealismo wani salon shirya fim ne da ya ɓullo a Italiya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi tashe daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950. Lokacin ƙasar ta daku, ba aiki ba abinci, hatta Cinecittà, babban sutudiyon Roma da Musolini, mai mulkin kama-karya na Italiya, ya buɗe a 1937, an mai da shi sansanin 'yan gudun hijira, shi ne daraktoci irin su Roberto Rossellini da Vittorio De Sica suka ɗauki kyamara suka fita titi, da yawan waɗanda suka saka a wasan ma ba 'yan fim ba ne, mutanen gari ne kawai.

Finafinan da De Sica ya yi da marubuci Cesare Zavattini su suka fi taɓa zuciya, don a cikinsu talaka ne ke jin ƙan talaka ɗan'uwansa, hukuma kuwa ko a jikinta. Sciuscià na 1946 labarin yara biyu ne masu goge takalma da ke tara kuɗi su sayi doki, ƙarshe suka ƙare a gidan kangararru. A Miracolo a Milano kuma wani maraya Totò ne ya haɗa kan marasa muhalli suka kafa unguwar kwano da katako suna zaman 'yan'uwa, har aka gano man fetur a filin, attajiri ya taso korarsu. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1951.

Amma a ganina babu kamar Umberto D. na 1952. Dattijo ne ɗan fansho, bashin haya ya yi masa katutu, mai gidan tana neman jefo shi waje, ba shi da kowa sai karensa Flike da Maria 'yar aikin gidan, yarinya ce da ta yi ciki ba aure, ita ma ta san ranar da aka gane korarta za a yi. Su biyun nan ba dangin iya ba na baba amma kowa na tambayar lafiyar kowa. Akwai inda ya tsaya bakin titi ya miƙa hannu zai yi bara, wani ya zo zai ba shi, kunya ta kama shi sai ya kifa hannun kamar yana duba ko ana yayyafi, wallahi wajen nan da wuya mutum ya kalla bai ji wani abu ba. Carlo Battisti da ya fito a dattijon, a lokacin farfesa ne na ilimin harsuna a jami'ar Firenze.

Fim ɗin bai yi kasuwa a Italiya ba, Giulio Andreotti ma da ke kula da harkar fim a gwamnati ya fito fili ya soki De Sica cewa ya zubar wa ƙasar mutunci a idon duniya. Daga nan salon ya fara ja baya, masu zuba kuɗi suka karkata ga finafinan barkwanci.