Daga kufan Ingila zuwa ganuwar Bauchi

Jiya da la'asar na bi ta Ƙofar Wunti a kan acaɓa, ƙofa na nan tsaye amma ganuwar da ta riƙe ta sai dai a nuna maka da baki, shaguna ne da mai shayi da masu cajin waya. Shi ne wata mujalla ta faɗo min a rai, Landscape History, wadda aikinta kenan, bin tarihin da ke kwance a jikin ƙasa.

Asalin abin daga Ingila ne. Wani masanin tarihi, W. G. Hoskins, ya fitar da littafi a 1955 kan yadda hannun mutane ya siffanta ƙasar Ingila, ya nuna shingen gona da tsohuwar hanya da iyakar ƙauye duk shaida ne kamar takarda in ka iya karantawa. A lokacin kuma wasu na haƙa a wani kufai, Wharram Percy, tun 1950 har 1990, shekara 40 a kan ƙauye ɗaya da mutanensa suka watse! Wannan haƙurin wallahi yana burge ni. A 1979 aka kafa ƙungiyar Society for Landscape Studies ta fara buga mujallar, ta haɗa masana tarihi da na jogirafi da masu haƙo kayan da. Da farko yawanci zancen Birtaniya ne, daga baya ta buɗe ƙofa ga sauran duniya, yanzu kamfanin Taylor & Francis ke buga ta.

A jami'a ana auna tasirin mujalla ne da yawan waɗanda suka ambace ta a rubutunsu, to ni ba nan idona yake ba. Mu fa kayan aikin a ƙofar gidanmu yake. Gombe Abba ta Buba Yero tana nan bayan an mayar da hedikwatar masarautar Gombe Nafaɗa a 1913 sannan Gombe Doma a 1919, ga rijiyoyin Dukkey da wuraren narka tama a Yankari, ga zanen duwatsun Geji da Shira, maƙwabtanmu na Adamawa ma Sukur ɗinsu ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1999. Amma ɗalibinmu in ya nemi maƙala ɗaya a intanet sau da yawa sai a ce ya biya da dala, ga data ga kuɗin mota zuwa kufan, ina zai kama?

Kakata takan lissafo min kukokin kufansu ɗaya bayan ɗaya da sunan gidan da ke gindin kowace. Ta rasu ban rubuta ko ɗaya ba, bara da na je guda biyu suka rage, sauran wurin an shuka masara.