Ma'anar "wariyar mazauni": abin da ke biyo bayan sake gina birni idan yaƙi ya ƙare

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanena da ke karatun tsara birane a Samaru ya biyo ta gida gaishe ni. Ya tarar ina sauraron rediyo, ana ba da labarin mutanen Khartum da suka fara komawa gidajensu tun da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris na 2025. Na ce, to alhamdu lillahi, saura gini. Ya ce, "Baffa, gini kam za a yi. Sai dai a yi musu addu'a kada ya zo da wariyar mazauni." Na sha jin kalmar a bakin malaman jami'a idan an gayyace su rediyo, amma ban taɓa tsayawa na kwance ta ba sai ranar.

Wariya daga "ware" take, kamar yadda mai tsintar shinkafa ke ware tsakuwa. Mun fi sanin ta a wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Wariyar mazauni kuwa ita ce birni ya rabu unguwa-unguwa bisa addini, ko ƙabila, ko nauyin aljihu, har ya zama inda mutum yake kwana shi ke yanke masa irin ruwan da zai sha, da makarantar da ɗansa zai shiga, da irin kallon da ɗan sanda zai yi masa a shingen bincike. Masana suna auna ta da lissafi mai sauƙi. Sai su ce, a cikin kowane mutum 100 na wata ƙungiya, nawa ne za su tashi su sake unguwa kafin kowace unguwa ta yi kama da birnin gaba ɗaya? In amsar ta yi kusa da sifiri, gari a cakuɗe yake. In ta doshi 100, kowa na gefensa.

Wani zai ce ai garin Hausa dama haka yake, maƙera na gefe, marina na gefe, mahauta na gefe, malamai kuma ga su a unguwanni irin su Limancin Kona a Zariya. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. A cikin ganuwar Zazzau, katangar attajiri da ta talaka sukan jingina da juna, masallacinsu ɗaya, kuma almajiri ya san ƙofar da zai tsaya ya sami tuwo. Sana'a ko dangi ne suka tara mutane, ba wanda ya shata layi ya ce kada a tsallake. Layin da aka shata da alƙalami Turawa ne suka zo da shi. Da jirgin ƙasa ya iso, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu aka ba su Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba aka ba su Tudun Wada, Birni aka bar wa Sarki da mutanensa, su kuma Turawa suka keɓe kansu a Bariki. Dokar garuruwa ta 1917, a zamanin Lugga, ita ta ƙarfafa tsarin, kuma ƙa'idar da aka bi ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗauko musu zazzaɓi. Sauron dai bai san yadi ba. Amma har yau duk wanda ya tashi daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada ya haye kogin Kubanni ya shiga Sabon Gari, kan wannan taswira yake tafiya.

To me ya haɗa kalmar da yaƙi? Yaƙi na yin abubuwa biyu da zaman lafiya ba ya iya yi da sauri: yana korar mutane daga gidajensu a dare ɗaya, kuma yana barin ƙasa a buɗe ga wanda ke da kuɗi da takarda. Babu inda wannan ya fito fili kamar Bairut, babban birnin Labanan.

Yaƙin basasar Labanan ya fara a watan Afrilun 1975, bai ƙare ba sai 1990, bayan yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989. A tsawon shekarun nan 15 birnin ya rabe biyu, Musulmi suka fi yawa a yamma, Kirista a gabas. Tsakaninsu akwai hanyar Dimashƙu wadda ta tashi daga Dandalin Shahidai, kowa ya ƙaurace mata saboda maharba da ke laɓe a saman benaye, har ciyawa da itatuwa suka tsiro a kan kwalta. Shi ya sa aka sa mata suna Koren Layi. Kafin yaƙi, tsakiyar birnin nan ita ce inda kowa ke haɗuwa: kasuwannin tufafi da na zinariya da na kayan miya, tashoshin mota, gidajen sinima, masallatai da coci-coci ƙofa da ƙofa. Ka ɗauka kamar a ce kasuwar Sabon Gari da tasharta da Babban Dodo na cikin birnin Zariya duk a wuri guda suke.

Da aka ajiye makamai, sai matsalar da kowane Bahaushe ya sani ta taso, wato matsalar gidan gado. Bene guda na iya samun magada da 'yan haya masu haƙƙi a kansa da yawan gaske, wasu sun mutu, wasu suna Faransa ko Kanada ko nan Afirka ta Yamma, ba mai iya tara su su sa hannu a kan komai. Maganin da gwamnati ta kawo shi ne doka mai lamba 117 ta 1991, wadda ta ba da damar kamfani ɗaya ya haɗiye filayen tsakiyar birnin baki ɗaya. A 1994 aka kafa kamfanin, Solidere, kuma attajirin da ke bayansa, Rafiƙ Hariri, shi ne firaminista tun 1992. Mai shago ko mai gida, in ban da ƙalilan, ba a mayar masa da wurinsa ba. Kwamitoci suka yi wa dukiyarsa kuɗi, aka miƙa masa takardar hannun jari a madadinta. Da yawa sun yi kukan cewa an karya farashin, amma ba su da ikon cewa a'a. Akwai kuma dubban 'yan gudun hijira, akasarinsu 'yan Shi'a daga kudancin ƙasar, da suka fake a kangayen unguwar Wadi Abu Jamil lokacin yaƙi. Su kuɗi aka ba su suka tashi, da yawansu suka nufi unguwannin kudancin birnin da ake kira Dahiya.

Ginin ya yi kyau, wannan ba gardama. An gyara tsofaffin benaye na dutse, an shimfiɗa tituna, an cike wani ɓangaren teku da juji ya mamaye aka mayar da shi fili mai tsada. Amma masu nazarin gine-gine da dama suna cewa benayen da katafila ta rushe da sunan gyara sun fi waɗanda igwa ta rushe. Tsofaffin kasuwanni kuma da aka sake buɗe su a 2009, sun dawo ne a matsayin kantunan zamani masu sayar da agogo da turare na Turai. Tela da mai gyaran takalmi da mai sayar da kayan miya ba wanda ya kafa musu allo cewa kada su dawo. Kuɗin hayar ne ya sallame su. Mu a nan muna da sunan wannan tun da daɗewa: kora da hali. To da wurin haɗuwa ya zama na masu hannu da shuni kaɗai, sai talakan gabas ya ci gaba da cin kasuwarsa a gabas, na yamma a yamma. An share Koren Layi daga kan kwalta, rabuwar da ya haifar kuwa ta zauna daram, ga kuma wata sabuwa ta kuɗi an ɗora a kai. A zanga-zangar watan Oktoban 2019 an sake ganin masu tura baron masara da burodi sun cika Dandalin Shahidai.

Faris ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi, domin da kyakkyawar niyya aka fara. Yaƙin duniya na biyu bai rushe birnin sosai ba, amma ya bar Faransa cikin ƙarancin gidaje mai tsanani. A sanyin 1954 mutane suka riƙa mutuwa a kan titi, har wani limamin coci, Abbé Pierre, ya yi kira ta rediyo ranar 1 ga Fabrairu wanda ya girgiza ƙasar. Ma'aikatan da aka ɗebo daga Aljeriya don aikin gini da masana'antu kuwa suna kwana a bukkokin kwano da katako a Nanterre, a gefen Faris. Gwamnati ta tashi haiƙan ta gina dogayen benaye masu dubban ɗakuna a bayan gari, inda fili ke da araha, irin su Sarcelles da aka fara a 1955. Da farko kowa na murna, ga famfo ga banɗaki a cikin ɗaki, malamin makaranta da lebura a bene ɗaya. Daga shekarun 1970 sai masu albashi mai kauri suka sami bashin sayen gida suka fice, masana'antu suka fara rufewa, aka bar benayen ga wanda ba shi da zaɓi, akasari baƙi daga Arewacin Afirka da irin su Mali da Sanagal. A 1973 kuma aka kammala babbar hanyar da ta kewaye Faris, mai tsawon kimanin kilomita 35, kuma a kan sawun tsohuwar ganuwar birnin aka shimfiɗa ta. Bazazzagi ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ake nufi da ɗan cikin ganuwa da ɗan waje. Tarzomar da ta ɓarke a Clichy-sous-Bois a watan Oktoban 2005 daga can wajen ta taso. A shekarar 2000 ma sai da aka yi doka mai tilasta wa manyan ƙananan hukumomi su mayar da kashi 20 cikin 100 na gidajensu masu rangwamen haya, amma wasu unguwannin masu kuɗi suka gwammace su biya tara.

Namu na gida ba sai an je nesa ba. Da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon, wanda a nan Wusasa ya tashi, ya shelanta sulhu da sake gini da farfaɗo da rayuwa. Ibo da yawa sun dawo Sabon Gari sun ci gaba da kasuwancinsu. A Fatakwal kuwa gidajen da suka bari aka sa musu sunan dukiyar da aka yasar, rigimar ta ɗauki shekaru. Abuja ita kanta 'yar bayan yaƙi ce, an zaɓe ta a 1976 don a sami babban birnin da ba na wata ƙabila ba, aka tare a Disambar 1991. Ƙabila kam ba ta raba ta ba sosai. Amma ka tsaya a hanyar Nyanya da Mararaba da asuba ka ga cunkoson masu shara da direbobi da ƙananan ma'aikata da ke kwana a wajen birnin da suke yi wa hidima. Kaduna kuma tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu, har matasa na kiran ɓangarorin Makka da Urushalima cikin raha mai ɗaci. Wannan ba gwamnati ce ta shata ba, tsoro ne, kuma ni ba zan ga laifin wanda ya taɓa gudu da 'ya'yansa cikin dare ba idan ya ce ba zai koma ba. Sai dai yaron da aka haifa a Rigasa ko a Sabon Tasha bayan 2002 yanzu ya isa aure, kuma zai yiwu bai taɓa zama benci ɗaya a aji da ɗan ɗaya ɓangaren ba.

Na tambayi yaron nan abin da malamansu ke cewa a duba idan an ji gwamnati ta ce za ta sake gina wuri. Ya ce, "Baffa, abu na farko a tambayi makomar ɗan haya." Mai takardar fili ko ba komai zai sami diyya, ko da an tauye shi. Ɗan haya da mai rumfa a bakin kasuwa da wanda ya gaji gida ba tare da takarda ba, su ne ba sa cikin lissafi, alhali su ne yawancin mutanen kowane birni. Na yi shiru ina tunanin gidanmu na cikin Birni, wanda kakanmu ya gina, yanzu magada sun haura talatin, kuma iyakar shaidar da muke da ita ita ce mai unguwa ya sani, maƙwabta sun sani. Ya ce zai zo da wani abokin karatunsa ranar Asabar su auna mana shi, in ya so mu fara neman takarda.